Bikin Cikar Shekarun Aure a Jamus da Gidajen Abincin da Ke Rufewa

A Jamus, ma'auratan da suka cika shekara 65 tare kan sami wasiƙar taya murna daga fadar shugaban ƙasa da ke Berlin. Idan da sauran kwana suka kai 70 ko 75, wata za ta sake zuwa. Tun daga shekara ta 50 ma, a garuruwa da dama magajin gari ko wakilinsa kan je har gida da furanni, wani lokaci da ɗan jaridar garin biye da shi. To ina hukuma ta san ranar da aka ɗaura wa wane da wance aure rabin ƙarni da ya wuce?

A rubuce take. A 1875, lokacin da shugaban gwamnatin Jamus Otto von Bismarck ke takun saƙa da cocin Katolika, aka yi dokar da ta ce aure ba ya tabbata sai an ɗaura shi gaban jami'in rajista na gwamnati, ta kuma fara aiki a duk ƙasar a farkon 1876. Mai son albarkar coci ya je ya nema, amma ranar da doka ta sani ita ce wadda ke cikin kundi. Dokar rajistar mazauna da ta fara aiki a Nuwamban 2015 ta ba ofishin rajista damar sanar da zaɓaɓɓun shugabanni da 'yan jarida sunayen waɗanda suka cika shekara 50 da aure zuwa sama, sai fa in su da kansu sun ce ba sa so.

Kowace shekarar biki da sunanta: 25 ta azurfa, 50 ta zinariya, 60 ta lu'ulu'u, 65 ta ƙarfe. A arewacin ƙasar har shekara 12 da rabi ana yi wa biki, wanda baƙi ne ke zuwa da abincinsu. Can ne kuma maƙwabta kan saƙa rassan itace su kewaye ƙofar gidan da su, su maƙala lambar shekarun a sama. Ba abin mamaki ba ne a girmama azurfa, tunda auren da ke ƙarewa a kotu a Jamus, in aka yi kiyasi, yakan mutu ne wajen shekara ta 15.

Sai dai ba a cika yin walimar a gida ba. Fiye da rabin gidajen Jamus na haya ne, ɗakunan ba su da faɗin da za su ɗauki dangi, 'ya'ya kuma sun watsu, wannan a Hamburg, waccan a Munich. Don haka ake nufar gidan abincin gari, wanda suke kira Gasthaus. Kusan kowane irin wannan gida yana da ɗaki na gefe ko zaure da ake keɓe wa iyali. Galibi a nan aka ci abincin ɗaurin auren tun farko, a nan aka yi walimar baftismar 'ya'ya, a nan aka zauna bayan jana'izar iyaye. Mai gidan ya san wanda ba ya son albasa, ya san surukan da bai kamata a haɗa su teburi ɗaya ba.

Da rana ake farawa. Sai a kawo romon da suke kira miyar aure, na kaza ko na sa, da 'yan dunƙulen nama da dafaffen ƙwai a ciki. Daga nan sai babban abinci: naman sa da aka yanka fale-fale aka naɗe, da jan kabeji da curin dankali, ko kuwa Sauerbraten, naman da ke kwana da kwanaki cikin ruwan tsami kafin a dafa shi. Idan bikin ya faɗo tsakanin Afrilu da Yuni, da wuya a rasa farin asfaragus, wanda bisa al'ada ake daina girbinsa ranar 24 ga Yuni. Tsakanin kwano da kwano babban ɗa ko tsohon abokin ango ya miƙe ya yi jawabi, jikoki su karanta 'yan baitocin da suka haɗa, a zagaya da tsofaffin hotuna. Da la'asar kofi da kek. A ranakun yau da kullum ma'aikaci kan tambayi masu ci, "A haɗe za a biya ko kowa nasa?" A wannan rana ba ya tambaya, masu biki ne da ɗawainiya.

Musulmin da aka gayyata sai ya yi tambaya kafin ya sa hannu. Naɗaɗɗen naman nan na sa ne, amma da kitsen alade a cikinsa. Ruwan da ake jiƙa Sauerbraten sau da yawa da giya a ciki, haka ma kek ɗin nan mai suna na yankin Schwarzwald. Wiener Schnitzel na ainihi naman maraƙi ne, amma in aka rubuta "Wiener Art", to yawanci alade ne. Masu gidan ba sa jin haushin tambaya, kuma kifi ba ya yankewa.

Matsalar ita ce gidajen nan suna ta rufewa, musamman a ƙauyuka, kuma an daɗe ana kuka a kai. Sana'ar gado ce, 'ya'ya kuma ba sa sha'awar aikin da ba shi da Asabar ba shi da Lahadi. Ƙungiyoyin ƙwallo da na mawaƙa da a da suke taro a can sun gina nasu wuraren. Annobar korona ta kori ma'aikata zuwa wasu ayyuka, da yawa ba su dawo ba. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya fara da yuro 8.50 a awa a 2015, ya kai yuro 12 a Oktoban 2022, shekarar da kuɗin gas da lantarki suka yi tashin gwauron zabo saboda yaƙin Ukraine. Harajin abincin da ake ci a zaune, wanda aka sassauta lokacin annoba, ya koma kashi 19 cikin ɗari daga kashi 7 a Janairun 2024. Ƙungiyar masu otal da gidajen abinci, DEHOGA, ta yi ta ƙorafi har gwamnatin haɗakar Friedrich Merz ta sa mayar da shi kashi 7 cikin yarjejeniyarta ta 2025.

A ganina ragin haraji zai rage zafi, amma ba zai samar wa tsohon mai gida magaji ba. Mutanen Altenau a jihar Bavaria sun gane haka, suka haɗa kuɗi da ƙarfi suka farfaɗo da gidan abincin ƙauyensu da kansu. A wasu wuraren kuwa baƙi ne suka ceci ginin. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955, da Girka a 1960, da Turkiyya a 1961, kuma iyalai daga waɗannan ƙasashe ne ke riƙe da tsofaffin gidajen abinci da yawa a yau. Ma'auratan da suka ci miyar aure a wani zaure shekara hamsin da suka wuce na iya komawa zauren don bikin zinariya, a kawo musu gasasshen naman rago da cukun Girka.