Senu, Mikiyar da Ke Yi wa Jarumi Leƙen Asiri

A Moriki ko Zurmi, in shirwa ta fara shawagi a saman gida, ihu ake yi mata, domin kowa ya san 'yan tsaki ta zo ɗauka. Abokin mafarauci a wannan yanki kare ne, na mayaƙi kuwa doki, tun zamanin da Namoda, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa, ya ja dakaru zuwa yaƙin Alƙalawa a 1808. Shi ya sa duk saurayin da ya ajiye wasan ƙwallo a PlayStation ya kunna Assassin's Creed Origins zai ɗan yi turus: jarumi ne da takobi da baka, amma babbar aminiyarsa mikiya ce.

Kamfanin Ubisoft ne ya fitar da wasan a Oktoban 2017. Labarin ya faro ne a Masar, shekara 49 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zamanin Sarauniya Kiliyobatra. Jarumin, Bayek, mutumin dausayin Siwa ne, yana farautar waɗanda suka yi sanadin mutuwar ɗansa Khemu. Mikiyar tasa sunanta Senu, kuma an zana ta ne da siffar wata mikiya ta gaske da masana ke kira Bonelli, wadda ake samu daga arewacin Afirka da kudancin Turai har zuwa Indiya.

Ga yadda aikinta yake. Bayek ya iso bakin sansanin abokan gaba, sai ya laɓe a cikin ciyawa. Mai wasa ya danna maɓalli guda, nan take hoton ya bar ƙasa ya koma sama, yana kallon duniya daga bayan fukafukan Senu. Daga can yake ƙirga masu gadi, ya gane kwamandansu, ya hango akwatin dukiya da kafar da za a bi a shiga. Duk wanda idonta ya sauka a kansa sai alama ta fito masa, alamar kuma ba ta ɓacewa ko da ya shige bayan bango. In mai wasa ya ƙara gaba, har yana iya tura ta ta dira a kan soja ta ɗauke masa hankali. Masu tsara wasan sun cire ƙaramar taswirar da aka saba gani a gefen allo, don dole mutum ya dogara da tsuntsuwar.

Dabarar ta karɓu, sai aka yi ta maimaita ta. A 2018 aka yi mikiya mai suna Ikaros a wasan Odyssey na tsohuwar Girka, a 2020 aka musanya mikiya da hankaka a Valhalla. Wanda zai fi jan hankalin Bahaushe shi ne Mirage na 2023, domin a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka kafa shi, daga shekarar 861, ana iya saurarensa da Larabci, har kiran salla ake ji a cikin birnin. Mikiyar jaruminsa Basim ita ce Enkidu, kuma a nan an ɗan rage mata gata: akwai maharba a kan soraye da ke hana ta tashi, sai an fara kawar da su. A wasan Shadows na 2025 kuwa, wanda ya koma Japan, an sallami tsuntsun gaba ɗaya.

Maganar gaskiya, Senu jirgi ne mara matuƙi da aka lulluɓe da gashin tsuntsu. Kaifin idon mikiya ba ƙarya ba ne, ya ninka na ɗan Adam sau da dama. Amma mikiya ba ta dawowa ta ba da rahoto. Abin da mutum ya iya koya mata tun fil azal shi ne farauta, sana'ar da UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2010, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin naman da horarren tsuntsu ya kamo, bisa aya ta 4 a Suratul Ma'ida.

Inda wannan abota ta fi kusa da ta wasan shi ne lardin Bayan-Olgii a yammacin Mongoliya. Kazakawan yankin sukan ɗauko ƙaramar mikiya, mace suka fi so domin ta fi namiji girma da ƙarfi. Ana rufe mata ido da 'yar hular fata don ta natsu, ana ciyar da ita a hannu har ta saba da muryar mai ita. Ranar farauta, a tsakiyar hunturu, mutumin zai hau doki da ita a kan safar hannu mai kauri, ya ɗora hannun a kan wata sanda mai baki biyu da ke jikin sirdi, saboda nauyinta ba na wasa ba ne. Ya hau tudu, ya cire hular, ita kuma ta gangara kan yanyawar da ta hango. Bayan wasu shekaru sai a sake ta ta koma daji ta yi 'ya'ya. Aminci ne, amma nama da haƙuri ne suka gina shi, kuma in ta ƙoshi ba lallai ta amsa kira ba.

'Yan sandan Holan sun ɗanɗana wannan hali. A 2016 suka fara horar da mikiyoyi don su riƙa cafke ƙananan jirage marasa matuƙa da ke keta doka. Kafin ƙarshen 2017 sun rufe shirin, saboda kuɗin kula da tsuntsayen ya yi yawa, kuma ba kullum suke yin abin da aka umarce su ba.