Idan Masauki Ya Saɓa Wa Alkawari: Hukuncin Alhaji Da Mai Umra

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, muna salati ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako wata matsala ce da waɗansu mutanen Horo Birni, ta ƙasar Shagari, suka iske mu da ita bayan ƙaramar salla. Su goma sha biyu ne suka yi niyyar Umra ta goman ƙarshe na watan azumi. Mafi yawansu 'yan kasuwa ne, sai ma'aikatan gwamnati biyu da ke aiki a Boɗinga, waɗanda suka ajiye hutunsu na shekara musamman saboda wannan tafiya. Suka tara kuɗinsu a hannun wani ɗan kasuwa na garin wanda ya saba tafiya, shi kuma ya biya wani kamfanin jirgin yawo. Aka yi musu alkawarin masauki kusa da Harami, wanda za su riƙa zuwa salla da ƙafa, mutum huɗu a kowane ɗaki.

Da suka sauka Makka sai gani ya kori ji. Masaukin yana wata unguwa mai nisa wadda ba a isa Harami daga cikinta sai da mota, aka cusa mutum takwas a ɗaki, kuma na'urar hawa bene ta lalace. A cikinsu akwai wata dattijuwa da aka sauke a hawa na shida, wadda ta sayar da shanunta don ta ga Ka'aba, amma mafi yawan dararen nan masu daraja a ɗaki ta yi su. Ba wanda ya ce uffan har suka dawo gida. Yanzu kuwa magana ta tashi. Wasu suna cewa tafiyar ibada ce, wanda ya nemi a mayar masa da kuɗi ya rage ladansa. Wasu kuma sun ɗora wa ɗan kasuwan nan laifi, har an daina gaisawa tsakanin gidaje biyu da suka haɗa surukuta.

Wahala iri biyu ce

Farkon abin da ya kamata mai hankali ya rarrabe shi ne, akwai wahalar da wuri da lokaci suke jawowa, akwai kuma wadda ɗan Adam ya jawo da ha'incinsa ko sakacinsa.

Ta farko ba ta da magani sai haƙuri. Mina kwari ne tsakanin duwatsu, ba ya ƙara faɗi, alhali kuwa a Hajjin 2023 mutum fiye da miliyan 1.8 ne suka yi aikin. Kowa ya san ba za a miƙe ƙafa a can yadda ake miƙewa a gida ba. An ruwaito cewa an nemi a gina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wurin da zai sha inuwa a Mina, ya ƙi, ya nuna cewa wurin na wanda ya riga isa ne. Kakanninmu na wannan ƙasa da ƙafa da jaki suke tafiya, su ratsa Barno da Darfur har su kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, suna yada zango suna noma ko ƙwadago don neman guzuri, wani ya shekara bakwai, wani kuma can ƙasa za ta rufe idonsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya taɓa zama a nan Boɗinga, ya kama hanyar gabas amma a Kano ya tsaya ya juyo. Shehu Usmanu kansa, wanda ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, har ya rasu a 1817 Allah bai nufe shi da zuwa ba. To, wanda ya tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III ya sauka ƙasa mai tsarki a yini guda, in ya yi gunaguni saboda zafin rana ko cunkoso, lalle ya yi ƙarancin godiya.

Ta biyu kuwa hukuncinta dabam ne. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai da su cika ƙulle-ƙullen da suka ƙulla. A cikin Sahihu Muslim kuma an kawo labarin mai sayar da abinci wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, Annabi ya sa hannu ya gano, ya kuma barranta daga mai algus. Wanda ya nuna wa mutane hoton wani gida ya karɓi kuɗinsu, sa'an nan ya sauke su a wani, shi da mai abincin nan jirgi ɗaya ya kwaso su. Kasancewar tafiyar ta ibada ce ƙara wa laifinsa nauyi take yi.

Abin da malaman Malikiyya suka faɗa

Kama masaukin da ba a gani ba, bisa siffar da aka faɗa, ba baƙon abu ba ne a fiƙihu. Imamu Malik ya halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffa, har ya halatta sayen dilar tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki ba tare da an kwance ta ba. 'Yan kasuwarmu sun san wannan sarai. In kaya suka zo daidai da takarda, ciniki ya zauna. In suka saɓa, mai saye yana da zaɓi. Haya kuwa sayen amfani ce, saboda haka nisan masauki da yawan mutanen ɗaki, in an ambace su, sun zama sharaɗi.

Sa'an nan Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar, ya kasa aibin gidan haya kashi uku, kuma ya kamata kowane matafiyi ya riƙe su.

Na ɗaya, aibin da bai rage darajar haya ba, kamar adon saman gini ya zube. Wannan ba ya rage ko kwabo. Ya shiga nan a ce fentin ɗaki ya koɗe ko labule ya tsufa.

Na biyu, aibin da ya rage darajar haya ko da kaɗan ne, kamar ɗaki ɗaya ya rushe a cikin gidan, ko mai gidan ya shigo ya zauna a wani sashe, ko bai kawo tsanin da za a hau bene da shi ba. A nan ana rage kuɗin haya gwargwadon abin da aka rasa. Mai karatu ya dubi misalin tsanin nan, ya tuna dattijuwar da ke hawa na shida. A ganinmu, mai masaukin da ya karɓi kuɗin mutum huɗu sa'an nan ya ƙaro huɗu ya ci kuɗinsu, daidai yake da wanda ya mamaye rabin ɗakin.

Na uku, aibin da ke cutarwa, kamar rufi mai yoyo. A nan mai haya yana da zaɓi, ya fita a warware hayar ko ya zauna. Amma in ya zaɓi zama, a zahirin maganar Halilu cikakken kuɗin haya ya hau kansa.

Wannan hukunci na ƙarshe shi ne inda yawancin mutanenmu suke asara. Hausawa sun ce shiru ma magana ce. Wanda ya ga aibi ranar farko ya kwanta a kansa kwana goma bai furta ba, ya raunana hujjarsa da kansa. Gaskiya ne baƙo a Makka cikin goman ƙarshe ba shi da inda zai koma, kuma alƙali mai adalci zai duba wannan lalura. Amma yaya za a san lalura ce ta zaunar da shi, ba yarda ba, in bai faɗa a lokacin ba?

Yadda za a nemi haƙƙi

Wani zai ce ai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta hana jayayya a cikin Hajji. Haka ne. Abin da aka hana shi ne musu mai tayar da husuma da zage-zage. Gaya wa jami'i cikin ladabi cewa ga abin da aka yi alkawari, ga abin da aka tarar, bai shiga cikin hanin ba. A aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ma an yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana zaluncin da aka yi masa.

Saboda haka tun a gida, kafin a biya, a nemi a rubuta sunan masaukin da unguwarsa da yawan mutanen ɗaki, domin kalmar "kusa da Harami" ba ta da awo, Ajyad da Aziziyya duk Makka ne amma tsakaninsu akwai tafiya. A kuma bincika ko kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006. In an isa aka ga saɓani, a zaɓi mutum ɗaya mai sanyin hali ya yi magana da yawun kowa a ranar, a gaban shaidu biyu, a ɗauki hoto, a nemi canji ko ragi. In ba a samu ba, a bayyana cewa zaman na dole ne, sa'an nan a rufe bakin maganar a fuskanci abin da ya kawo mutum, kada dararen ibada su ƙare a zancen ɗaki. In an dawo sai a kai ƙara ga hukumar alhazai.

Kada a ce wannan ba ya haifar da kome. A Hajjin 2023 alhazan Nijeriya sun sha wuya a Mina, hukuma ta kai kuka, daga baya aka mayar wa kowane alhaji Riyal 150 saboda hidimar da aka biya ba a cika ba. Kuɗin ba su da yawa, amma sun nuna cewa ragi gwargwadon abin da aka rasa, wanda Halilu ya rubuta tun ƙarni na 8 na Hijira, yana aiki in an bi ta ƙofa.

Hukuncin wakili

Saura ɗan kasuwan Horo Birni. Shi wakili ne, wakili kuwa amintacce ne a shari'a, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya ƙetare umarni ko ya yi sakaci. Muka tambaye shi, ya nuna shaidar cewa duk abin da aka ba shi ya miƙa, kuma shi ma a ɗakin mutum takwas ya kwana. Don haka muka gaya musu bashinsu yana kan kamfanin, shi kuma abin da ke wuyansa ya shige musu gaba wajen nema. Da a ce ya karɓi la'ada a ɓoye don ya kai su can, da hukuncin ya juya.

Wannan gargaɗi ne kuma ga ma'aikatan da ake turawa duba masaukin alhazai. Sa hannun da jami'i zai yi a kan takardar gidan da bai taka ba shaida ce, kuma za a tambaye shi a kanta ranar da babu mai ceton wani sai da izini.

Wanda ya ga dama ya yafe haƙƙinsa, wannan falala ce, ladansa yana wurin Allah. Amma ba shi da ikon yafe na dattijuwar nan, kuma bai kamata ya zargi wanda ya nemi nasa ba, domin mai ha'incin da aka ƙyale bana shi ne zai sauke wata tsohuwar a hawa na shida baɗi.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya daidaita tsakanin 'yan'uwanmu, ya sa mu cikin masu cika alkawari. Amin. Haza wasalamu.