Ranar tashin kasuwar littattafan zane: daga Angulem zuwa Bangi

Ranar Lahadi 29 ga watan Janairu 2006 aka rufe taro na 33 na littattafan zane a Angulem, wani gari na ƙasar Faransa wanda bai kai Tawa yawan jama'a ba. Littafin zane shi ne wanda ake jera labari a cikinsa da hotunan hannu, ɗaya bayan ɗaya, a rubuta maganar kowane mutum cikin ɗan kewaye kusa da bakinsa. Tun 1974 garin ya fara tara masu wannan sana'a a ƙarshen Janairu, cikin tsananin ɗari.

Ranar rufewa ta kowa da kowa ce, da yake babu aiki, babu lakkol. Mutum ya sayi littafi, ya bi layi cikin babbar rumfa har ya iso gaban mai zanen. Shi kuwa ya buɗe shafin farko, ya zana masa hoto nan take, ya sa hannu. Da maraice sai a ɗaure kaya, kamar dai tashin kasuwa.

A taron nan, kyautar da ake bai wa littafin farko ta faɗa kan « Aya de Yopougon », wanda Marguerite Abouet ƴar ƙasar Kodibuwar ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana. Babu sarki, babu yaƙi a ciki. Labarin wata budurwa ne mai son zama likita, da ƙawayenta biyu, da iyayensu, a wata unguwa ta Abijan. Zaman unguwa kawai, amma har aka mai da shi sinima a 2013.

To, mi ya haɗa mutanen Bangi da wannan zance? Bangi tana cikin gundumar Madawa, kusa da iyakar Najeriya. A can, kamar a Buza da Kaita, manya sukan zauna ajin yaƙi da jahilci da rani, bayan an kai amfanin gona gida. Damina na faɗuwa, kowa ya koma gona. Wanda ba shi da abin karantawa a ɗaki, kafin wata kaka baƙaƙen da ya sha wahalar koyo sun fara zube masa. Littafin zane yana maganin wannan: inda kalma ta gagara, hoto ya kama hannun mai karatu ya kai shi gaba. Gani ya kori ji.

Abin ba baƙo ba ne a Nijar. Ƴan lakkol na da sun karanta jaridar « Kouakou », wadda ta fara fita a 1966, sai dai da Faransanci take. A shekarar nan kuma marigayi Mustafa Alasan ya fito da « Bon voyage Sim », sinimar zane mai ba da labarin shugaban kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Wannan gwani ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015.

Labari kuwa ba ya ƙaranci a ƙasar nan. Ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska. Ga matan Kaita da suka ɗauki duwatsu bisa kai don rayar da ƙasa, cikin aikin da aka soma a 1984 da taimakon Italiya. Ga masaƙan tabarmi na Madawa.

Saura ga hukumomi da malaman yaƙi da jahilci. A nemi yaran da hannunsu ya faɗa da zane, a haɗa su da dattawa masu labari, a buga da Hausa, a kai kasuwa bisa kuɗin da talaka zai iya biya. Wanda ya kammala aji a Bangi ya cancanci littafin da zai buɗe ya ga garinsu a ciki.