Fitar Elektaron Daga Siraran Bututan Kabon da Matsalar Cunkoso

Sanin kowa ne cewa ƙarfe cike yake da elektaron, watau ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da lantarki. Amma ba su fita waje haka kawai, domin a fatar ƙarfen akwai wata katanga ta makamashi da take tsare su. Tsohuwar dabarar fitar da su ita ce zafi: tsohon akwatin talabijin mai ƙoƙo da injin ɗaukar hoton ƙashi na asibiti duk sai an gasa wata waya tukuna.

Akwai wata hanya da ba ta bukatar zafi. Idan aka zuƙe iska daga wuri, aka ɗora filin lantarki mai tsananin ƙarfi, kimanin bolt miliyan dubu uku zuwa biyar a kowace mita, katangar takan sirance har elektaron su ratsa ta ba tare da sun haura ba. Ralph Fowler da Lothar Nordheim suka bayyana lissafin wannan a Ingila a 1928. Abin lura a lissafin nasu shi ne, ƙarfin filin ya ragu da kashi 10 cikin 100 kawai, kwararar elektaron ta faɗi ninki da dama.

To, ina za a sami wannan ƙarfi? Amsar tana ga tsini. Filin lantarki yakan taru a kan abu mai tsawo da tsini, shi ya sa tsawa takan fi faɗa wa giginyar da ta tsaya ita kaɗai a fili. A 1991 Sumio Iijima na ƙasar Japan ya bayyana wasu siraran bututai na kabon, waɗanda kaurinsu 'yan nanomita ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na mita. Alal misali, bututu mai tsawon nanomita 1,000, wanda rabin faɗin bakinsa nanomita 5 ne, a ƙiyasin sama-sama yakan ninka ƙarfin filin kusan sau 200 a kan tsininsa. A 1995 Walt de Heer da abokan aikinsa a Lozan ta Suwizalan suka nuna cewa shimfiɗar irin waɗannan bututai tana fitar da elektaron ba tare da an dafa ta ba.

Hankali zai ba mutum cewa yawan bututai shi ne yawan lantarki. Ba haka abin yake ba. Idan aka cusa su kusa da juna, sai su yi wa juna inuwa: filin ba ya samun kutsawa tsakaninsu, sai ya kwanta a samansu kamar a kan faranti, tsinin ya tashi a banza. Idan kuma aka warwatsa su da yawa, kowane ɗaya yana aiki sosai, amma sun yi kaɗan. Manomi da yake rage shukar gero ya san irin wannan ciniki. A 2000 Nilsson da abokansa, su ma a Suwizalan, suka ƙiyasta cewa tazarar da ta fi dacewa ita ce kamar ninki biyu na tsawon bututun, ko da yake wasu lissafe-lissafe da aka yi daga baya sun kai ta kusan ninki uku.

Har ila yau, bututan ba sa girma daidai wa daida. Wanda ya ɗara maƙwabtansa tsawo, ko yake bakin gefe inda inuwa ba ta kai ba, shi yake ɗaukar nauyin kwararar, ya yi zafi, ya ƙone, sannan na biye da shi ya gaje shi. Wannan rashin daidaito, a gaskiya, ya fi cunkoson kansa wuyar magancewa. Kamfanin Samsung ya nuna ƙaramin allon talabijin na bututan kabon a 1999, amma irin wannan allo bai kama kasuwa ba. Inda aikin ya fi yin armashi shi ne injin hoton ƙashi, wanda Otto Zhou da ƙungiyarsa a Jami'ar North Carolina ta Amurka suka gwada a farkon shekarun 2000, domin ana kunna shi a kashe nan take, ba jiran waya ta yi zafi.