Ziyarar Santambul a tsakiyar hunturu: Abubuwan da ya kamata matafiyi ya tanada

Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, wasu 'yan Najeriya kan yi amfani da hutun ƙarshen shekara ko hutun aiki su leƙa wani birni a ƙetare na 'yan kwanaki. Birnin Santambul, wato Istanbul na ƙasar Turkiyya, na daga cikin wuraren da suka fi jan hankali, saboda akwai jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Abuja da Legas, abincin halal ba ya wahalar samu, ga kuma masallatai da kasuwanni masu daɗaɗɗen tarihi.

Sai dai wannan lokaci shi ne tsakiyar sanyin ƙasar. Sanyin bai kai a fasa tafiya saboda shi ba, amma yana tilasta wa matafiyi ya sake tsarin tufafinsa da lokutan fitarsa da kuma yawan kwanakin da zai ware.

Bambancin sanyin can da na gida

A watan Janairu, yanayin Santambul yakan tsaya tsakanin digiri 3 zuwa 9 a ma'aunin Salshiyas, wasu dararen kuma ya sauka ƙasa da sifili. Wanda ya saba da hunturun Kano ko Jos zai iya ɗauka ya san sanyi, amma akwai bambanci. Sanyinmu busasshe ne, yana zuwa da hazo da ƙura, kuma da hantsi ya dubi ludayi rana kan sassauta shi. Na Santambul yana tafe da danshi da yayyafi, sama kan wuni a lulluɓe, ga iska mai kaɗowa daga teku. Birnin na zaune ne a gaɓar mashigin ruwan Bosforus, tsakanin tekun Bahar Aswad da na Marmara, don haka iskar bakin ruwa kan sa jiki ya ji sanyin fiye da abin da ma'auni ya nuna.

Dusar ƙanƙara ba kullum take sauka ba, amma idan ta zo da ƙarfi takan tsayar da al'amura. A watan Janairun 2022 an dakatar da tashi da saukar jirage a babban filin jirgin saman birnin sakamakon dusar ƙanƙara, fasinjoji da dama suka kwana a filin. A gida ma, wannan ne lokacin da hazo ke jawo jinkiri ko soke tashin jirage, musamman a filayen jiragen Arewa. Saboda haka, mai tasowa daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri domin ya hau jirgi a Abuja, ya fi masa alheri ya isa kwana guda kafin ranar tafiya. Haka kuma ya bar tazarar kwana ɗaya ko biyu tsakanin ranar dawowa da ranar komawa bakin aiki.

Gajeren wuni

Agogon Turkiyya yana gaban na Najeriya da sa'o'i biyu. A Janairu rana ba ta fitowa a Santambul sai wajen ƙarfe 8:30 na safe, ta kuma faɗi kusan ƙarfe 6:00 na yamma, wato hasken rana kusan sa'o'i tara da rabi ne. Alfijir kan keto gab da ƙarfe 7:00, sannan Azahar da La'asar da Magariba su biyo juna kusa da kusa.

Wannan na nufin wanda ya jera wurare biyar ko shida a rana ɗaya zai ƙare a guje-guje cikin ruwa da duhu. Abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi manyan wurare biyu a kowace rana, a ware tsakar rana ga abin da ake yi a fili, a bar safiya da yamma ga wuraren da ke da rufi.

Tufafi

Ƙa'idar da mazauna ƙasashen sanyi ke bi ita ce sa tufafi hawa-hawa. Ana farawa da 'yar ciki mai kama jiki, riga da wando, sai rigar sanyi ta ulu, sannan babbar jaket wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Hikimar ita ce iskar da ke maƙalewa tsakanin tufafin ke riƙe ɗumin jiki, kuma idan an shiga shago ko jirgin ƙasa, inda ake kunna na'urar ɗumama wuri, sai a cire na sama. Shadda da atamfa da leshi ba sa tare sanyi su kaɗai, amma ana iya sa su a kan 'yar ciki. Mata masu abaya ko hijabi za su iya yin haka ba tare da sun sauya shigarsu ba.

Takalmi shi ne abin da aka fi mantawa. Titunan tsohon gari na duwatsu ne, akwai hawa da gangara, kuma suna santsi idan sun jiƙe. Ana buƙatar sau-ciki mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, da safa mai kauri, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne, da lema. Yawancin waɗannan ana samunsu a kasuwannin gwanjo na gida. Ko da mutum na da niyyar sayen jaket a can, ya riƙe ɗaya a jakar hannu, domin sanyin zai tarbe shi tun daga ƙofar filin jirgi.

Lafiya

Masu cutar amosanin jini, wato sikila, su ne suka fi buƙatar hattara, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Haka ma masu asma da ciwon zuciya da hawan jini, da tsofaffi da ƙananan yara. Duk wanda ke cikin wannan rukuni ya ga likitansa kafin ya sayi tikiti, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da rara, a cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. A yawaita shan ruwa ko da ba a jin ƙishirwa. Inshorar lafiya ta tafiya kan kasance cikin takardun neman biza, kuma ya kamata a karanta abin da ta ƙunsa. Lambar neman agajin gaggawa a Turkiyya ita ce 112.

Wurin sauka da zirga-zirga

A lokacin sanyi, kusancin masauki da wuraren ziyara ya fi girman ɗaki muhimmanci. Unguwannin Sultanahmet da Sirkeji da Laleli suna kan layin jirgin cikin gari mai lamba T1, wanda ke ratsa tsohon gari. Kati guda, Istanbulkart, shi ake amfani da shi a wannan jirgi da na ƙarƙashin ƙasa da bas da jiragen fito. Kafin a biya kuɗin ɗaki, a tabbatar akwai na'urar ɗumama ɗaki da ruwan zafi, a kuma zaɓi wanda za a iya sauya ranarsa ba tare da asara ba. Farashin otal kan sauka bayan makon sabuwar shekara, cunkoson baƙi ma ya ragu, ko da yake makarantun Turkiyya na yin hutun tsakiyar zango a ƙarshen Janairu.

Abin gani

Sa'ar da mai ziyarar hunturu ke da ita ita ce, manyan wuraren tarihin birnin rufaffu ne kuma suna kusa da juna. Ayasofiya, wadda aka kammala a shekarar 537 a matsayin majami'a, ta zama masallaci bayan Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin jamhuriya, sannan ta koma masallaci a 2020. Tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya shida. A bayanta akwai Fadar Topkapi, mazaunin sarakunan Daular Usmaniyya na ƙarnoni, inda ake ajiye kayayyakin tarihin Musulunci. Ana rufe ta ranar Talata. A nan kusa kuma akwai tsohuwar matattarar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336.

Babbar rufaffiyar kasuwa, mai dubban shaguna, mafaka ce a ranar da ake ruwa, amma ba ta ci ranar Lahadi. Masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, yana kan tudu kusa da ita. A unguwar Eyup kuma akwai kabarin da ake dangantawa da Sahabi Abu Ayyub al-Ansari. Famfunan alwala na manyan masallatai galibi a waje suke, ruwansu kuma da sanyi, don haka gara a yi alwala tun daga masauki.

Haye Bosforus zuwa ɓangaren Asiya a jirgin fito ya cancanci a ware masa lokaci, amma a bar shi ga ranar da gari ya washe, domin akan dakatar da jiragen idan hazo ya yi kauri ko iska ta tsananta.

Takardu da kuɗi

'Yan Najeriya na buƙatar biza kafin shiga Turkiyya. A nemi ta da wuri, a duba sharuɗɗan da ofishin jakadancin ƙasar ya fitar, kada a dogara da bakin dillalai. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Kuɗin ƙasar lira ne, kuma ya dace a haɗa katin banki da tsabar kuɗi. Dokar Najeriya ta wajabta bayyana wa jami'an kwastan duk kuɗin da ya haura dala 10,000. Soket ɗin Turkiyya mai rami biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai baki uku ba, sai an tanadi mahaɗi. Sanyi kuma na saurin cinye cajin waya, don haka a riƙa ajiye ta a aljihun ciki.

Kwana huɗu zuwa biyar sun isa a ga muhimman wurare cikin natsuwa, muddin an bar rana guda ba tare da wani shiri ba, domin idan yanayi ya ɓata ta jiya a rama a cikinta. A riƙa duba hasashen yanayi tun ana saura mako guda a tashi, a kuma sake dubawa kowace safiya kafin fita.