OK: Wasan 'Yan Jarida Da Ya Zama Amsar Duniya

Da wuya mutum ya wuni bai ji ta ba. Ɗan kasuwa zai ce "oke" ya miƙa kaya, ɗalibi zai tura wa abokinsa haruffan biyu a waya, kwamfuta kuwa sau da yawa ba ta ci gaba da aiki sai an danna mata su. Kalmar OK ta Turanci ce, tana nufin yarda, ko kuma cewa abu ya yi daidai. Amma tushenta raha ce.

A ƙarshen shekarun 1830 an yi wani yayi a jaridun birnin Boston na Amurka. Marubuta kan ɗauki magana su gurɓata rubutunta da gangan, sannan su tsinci haruffan farko kawai. Ranar 23 ga Maris 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga "o.k." a madadin "all correct", wato komai daidai, kamar dai an rubuta "oll korrect". Takwarorinta na wancan yayi, irin su O.W. da K.G., duk sun bi ruwa.

Siyasa ce ta ceci OK. A 1840 Shugaban Amurka Martin Van Buren yana neman tazarce, ga shi ɗan garin Kinderhook ne a jihar New York, ana yi masa laƙabi da Old Kinderhook. Magoya bayansa suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club, haruffan suka shiga bakin kowa. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, kalmar kuwa ta zauna daram. Daga nan ma'aikatan wayar tangaraho suka rungume ta don shaida cewa saƙo ya iso, saboda gajartarta.

Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya bi diddigin wannan tarihi a tsofaffin jaridu, ya wallafa shi a mujallar American Speech a 1963 da 1964. Akwai masu wani ra'ayin. Wasu sun danganta ta da "okeh" ta harshen Choctaw, har Shugaba Woodrow Wilson ma haka yake rubuta ta. Wasu sun ce bayi ne suka tafi da ita Amurka daga "waw kay" ta harshen Wolof. Bayanin Read ya rinjaya ne domin yana da takarda da kwanan wata.

Ƙarfin kalmar yana cikin tsaka-tsakinta. Ba yabo ba ce, ba kushe ba. Wanda ya ce abinci ya yi OK bai ce ya yi daɗi ba, ya dai ce ba laifi.

Hausa ta riga ta mallaki irin wannan, har da ƙari. "To" ɗaya tak tana iya zama yarda, ko gargaɗi, ko sallamawa, gwargwadon yadda aka ja ta. Ga "na'am" ta ladabi, ga "madalla" ta farin ciki, ga "shi ke nan" mai rufe zance. Aron kalma ba aibi ba ne, kuma "oke" ta samu gurbinta a tsakanin abokai da wajen ciniki. Sai dai ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Idan mahaifi ya yi kira, har gobe amsarsa "na'am, Baba" ce.