Shin Ko Kun San? Zanen Alƙaluma Daga Gonakin Funtuwa Zuwa Malumfashi

Manomin Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ƙafur ko Malumfashi kullum cikin lissafi yake: buhu nawa gona ta bayar, nawa ake sayar da tiya, yaushe ruwa zai zauna. Zanen alƙaluma shi ne a mayar da irin wannan lissafi layi, sanduna, launi ko taswira, yadda ido zai kama labarin tun kafin a karanta rubutu. Ga abubuwan da ya kamata mai zanen da mai dubawa su sani.

• Shin ko kun san tara alƙaluman noma ya daɗe a wannan yanki? A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, su ne ukun farko a Najeriya. Ma'aikata sun riƙa auna gonaki da abin da aka girbe, kuma a zamanin ne ingantaccen irin masara ya bazu a yankin. Alƙaluma akwai su. Aikin da ya rage shi ne a nuna wa manomi su yadda zai gane.

• Shin ko kun san zane mai kyau tambaya ɗaya tak yake amsawa? Kafin a taɓa alƙalami ko kwamfuta, sai a rubuta tambayar: "In sayar da masarata da kaka, ko in adana?" Duk lambar da ba ta taimaka wajen amsa ta ba, a ajiye ta don wani zanen.

• Shin ko kun san kasuwar Ɗandume tana cikin kasuwannin da cibiyar FEWS NET ke bibiyar farashin hatsinsu? Idan aka jera farashin masara wata bayan wata, layin yakan yi ƙasa da kaka, ya haura cikin damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Labarin ke nan, kuma shi ya kamata a rubuta a matsayin kan zanen.

• Shin ko kun san wani mutumin Sikotlan, William Playfair, shi ya fito da zanen sanduna a 1786, ya biyo da zanen da'ira mai yanka-yanka a 1801? Kowanne da aikinsa. Layi na sauyin lokaci ne, kamar farashi. Sanduna na kwatantawa ne, kamar audugar Funtuwa da ta Malumfashi. Da'ira ta rabon abu guda ce, kamar yadda kuɗin noma ke tafiya ga taki, iri, huɗa da 'yan ƙwadago.

• Shin ko kun san lambobin da ke jikin buhun taki suna neman mai zana su? 15:15:15 da ke jikin buhun kamfa na nufin kashi 15 cikin 100 na kowane sinadari uku. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin, yayin da buhun yuriya mai nauyi ɗaya ke da kilo 23. Amma yuriya ba ta da sauran sinadaran biyu. Buhu biyu a zane, kowanne an rina kasonsa, sun isa su nuna dalilin sa kamfa da farko, a biyo da yuriya.

• Shin ko kun san kwatanta farashin bana da na shekara biyar baya da naira kaɗai yana ruɗar mutum, saboda darajar kuɗin ta sauya? Ma'aunin da manomi ya fi yarda da shi shi ne: buhun masara nawa ke sayen buhun taki ɗaya. A zana wannan shekara bayan shekara, kowa zai ga ko noman yana biya.

• Shin ko kun san Marie Neurath, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa salon ƙirga da ƙananan hotuna a Biyana, ta yi aiki a Ibadan a shekarun 1950, tana tsara wa gwamnatin Yankin Yamma littattafan wayar da kai? Ƙa'idarsu ita ce: in abu ya ƙaru, a ƙara yawan hotunan, kada a ƙara girmansu. In hoton buhu ɗaya na wakiltar buhu 10, buhu 50 hotuna biyar ke nan. Wanda bai shiga aji ba ma zai ƙirga.

• Shin ko kun san katin awon yara da mata ke zuwa da shi asibiti a Najeriya aka haife shi? Dakta David Morley ya tsara shi a Imesi-Ile, cikin Jihar Osun ta yanzu, daga ƙarshen shekarun 1950. A hannun uwa katin ke zama. In layin nauyin yaro yana hawa, lafiya. In ya miƙe ko ya sunkuya, a nemi ma'aikacin lafiya.

• Shin ko kun san tef ɗin auna damtsen yaro launi uku yake magana da su? Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ja na nufin ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, kore kuma daga 12.5 zuwa sama. A Jihar Katsina ana koya wa iyaye mata amfani da shi a gida.

• Shin ko kun san zanen launi da ke gindin takardar kwalbar maganin feshi gargaɗi ne? Ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Ƙananan hotunan safar hannu, takunkumi da wanke hannu umarni ne. Mai feshin auduga ko tumatirin Ɗanja ya duba su kafin ya buɗe murfi. Mai zane kuma ya kiyaye: tunda mutane sun san ja da haɗari, kada a rina labari mai daɗi da ja.

• Shin ko kun san taswirar ƙarancin abinci ta Cadre Harmonisé, wadda ake amfani da ita a Afirka ta Yamma har da Jihar Katsina, matakai biyar gare ta? Tana farawa da kore, ta bi ta ruwan ɗorawa, ruwan lemo da ja, ta ƙare a ja mai duhu, matakin matsananciyar yunwa.

• Shin ko kun san hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa? A ciki akwai lokacin saukar ruwa, ɗaukewarsa da tsawon damina. In aka shimfiɗa wannan a kan kalandar bazara, damina da kaka, kusa da kwanakin da kowane iri ke ɗauka kafin ya nuna, zaɓen iri zai yi sauƙi. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa hasashe ne.

• Shin ko kun san a shekarun 1970 masana daga Liverpool da Jami'ar Ahmadu Bello sun yi dogon bincike a Malumfashi kan cututtuka irin su tsargiya, zazzaɓin cizon sauro da saran maciji? Irin wannan bayani taswira yake so. A 1854 Dakta John Snow ya ɗiga gidajen da kwalara ta yi kisa a taswirar wata unguwar Landan, sai ga su sun kewaye famfon ruwa guda.

• Shin ko kun san zane na iya yaudara ba tare da lamba ɗaya ta ƙarya ba? A ce wata gona ta ba da buhu 20, wata 22. In sandunan suka fara daga 19 maimakon sifili, ta biyun za ta ninka ta farkon sau uku a ido. Sanduna daga sifili suke farawa.

• Shin ko kun san tiya da mudu sukan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma hekta ɗaya ta kai kusan eka biyu da rabi? Don haka kowane zane ya faɗi ma'auninsa, kasuwar da aka ɗauko farashin, da kwanan wata.

• Shin ko kun san gwajin ƙarshe a hannun manomi yake? A nuna masa zanen a waya, domin ta WhatsApp yawanci zai same shi, a ce, "Baba, me ka gani?" In amsarsa ta saɓa da kan zanen, a koma a gyara. A rage rubutu, a ƙara girman lambobi, a sa boko da ajami, tunda da yawan dattawanmu ajami suka fi karantawa.